Kwambatar da Ke Bayan Ƙofa

Wata biyar da rasuwar Injiniya maganar ta iso kunnen matarsa. Tana ɗakin ɗinkinta da hantsi, ƙafa a kan keke, tana kafa hannun wata riga, sai maƙwabciyarta ta shigo ba da ɗinki ba. Ta zauna a benci, ta ɗauki wani ƙyalle ta jujjuya, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Ke, in magana ce ki faɗa. In ƙyallen kike so, ɗauki ki tafi," in ji Mai Ɗinki.

"Wallahi da na ce ba zan gaya miki ba."

"Ai kin riga kin fara."

Sai maƙwabciya ta zazzage. Jar motar Dogo ta ƙone giya shekaranjiya a kan hawan da ke bayan asibiti, hayaƙi na fita ta ƙarƙashi, 'ya'yansa uku a ciki suna ihu. Da igiya aka jawo ta zuwa gareji. Tun daga ranar Dogo bai bar wurin da bai je ba, wajen mai wankin mota, wajen mai faci, wajen mai walda, yana cewa marigayi ne ya cuce shi. Wai kayan da marigayi ya zaɓa masa ba na motar ba ne. Wai ashe ciwon ya fara taɓa masa kai tun kafin ya kwanta, duk wanda ya kai masa mota a ƙarshen nan gara ya je a sake duba masa.

Keken ya tsaya cak.

"Kai? Kan wa?"

"Ni dai abin da na ji ke nan."

"Na ce kan wa ciwo ya taɓa?"

Maƙwabciya ta ci gaba da murza ƙyallenta.

Injiniya ba injiniyan takarda ba ne, direbobi ne suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Shekara ashirin da takwas giyar mota kawai yake gyarawa, ba ya taɓa burki, ba ya taɓa waya. Shekara ashirin da huɗu daga ciki tana tare da shi, tana wanke kayan aikin da ba sa fita, tana cin abinci da warin man giya a hanci. Kwana tara ya yi a asibiti, ita ce a gefen gadon. Ko a kwana na takwas, da aka turo gadon wani majinyaci ta gabansu, sai da ya buɗe ido ya ce wa ma'aikaciyar jinya tayar baya ta hagu ta sha ƙasa, a ɗiga mata mai. Wannan mutumin ne yau wani yake yawo da shi a gari yana cewa kansa ya taɓu.

Maganar jar motar kuwa ta san ta tun daga tushe, don har ta gundure ta a lokacin. Dogo mutum ne mai son gudu tun yana saurayi. Ya samu wata tsohuwar mota mai nauyi, ya sa aka cire injinta aka dasa mata wani babba, irin wanda in ya yi gurnani tagogin layi suke karkarwa. Daga baya ya faɗi a tsani, gwiwar hagu ta lalace, ba ya iya taka kuloci. Shi ne ya zo wa Injiniya da buƙatar a cire giyar hannu a sa masa mai canza kanta, amma kada motar ta rage ƙarfi.

Giyabos ɗin bai ba da wahala ba. Abin da ya jawo rigima shi ne kwambata, wani dunƙulallen ƙarfe mai kumburi kamar kabewa, cike da mai, da ke zama tsakanin inji da giyabos a maimakon kuloci. Ranar da ta ce masa ita fa ba ta gane wannan abin da ya hana shi cin abinci da zafinsa ba, sai ya tashi ya jawo doguwar fankar falo, ya ɗauko ƙaramar ta kan teburin ɗinkinta, ya sa suna kallon juna. Ya kunna babbar, ya bar ƙaramar a kashe. Can sai ga ƙaramar ta fara juyawa da iskar 'yar'uwarta.

"To kin gani. Wannan inji, wannan giya. A cikin kwambata mai ne yake yin aikin iskar nan. Akwai mai kamawa da wuri, akwai sakakkiya wadda sai inji ya yi ihu sosai kafin ta kama. Kafin ta kama kuwa sulɓewa take yi, tana dafa man."

"Kamar bel ɗin kekena in ya saki," in ji ta.

"Shi ya sa na aure ki."

"Mayar min da fankata, zafi nake ji."

Injiniya yana da wata hanyar aiki da sauran makanikai suke yi masa dariya a kanta. Ba ya zaɓar wa mutum kwambata sai ya bi shi a mota kwana uku. Zai zauna a kujerar gefe, ba ya cewa uffan, idonsa ɗaya a ƙafar mai motar, ɗaya a allurar da ke nuna juyin inji. Yakan ce kowane mai mota in ka tambaye shi ɗan tsere ne, sai ka zauna kusa da ƙafarsa za ka san inda yake zuwa da gaske. Da yake jar motar tana gareji, a ƙaramar motar matar Dogo suka yi yawon. Ranar farko makaranta da kasuwa da cunkoso. Rana ta biyu makaranta da ofis da cunkoso. Rana ta uku suka hau hawan bayan asibiti zuwa gidan tsohuwar Dogo, a bayan wata babbar motar kaya, kamar masu bin gawa. Ya dawo gida yana dariya, ya ce ɗan tseren nasu ko sau ɗaya allurarsa ba ta wuce dubu biyu ba.

Shi kuwa Dogo tuni ya sa an kawo masa tasa kwambatar daga waje, shuɗiya fes a cikin kwali mai hoton tuta, sakakkiya, wadda ba ta kamawa sai allura ta kai dubu huɗu. Irin ta ce a motocin abokansa masu zuwa fili su tayar da hayaƙin taya. A ƙofar gidan nan suka yi ta, Mai Ɗinki tana jin su ta taga.

"Kuɗina, motata, kuma ka ce ba za ka sa min abin da nake so ba?"

"Ba zan sa ba. Abokanka a kan tirela suke kai motocinsu fili, su yi gudun minti ɗaya su kashe. Kai yara kake kaiwa makaranta. Wannan a cunkoso ba za ta taɓa kamawa ba, wuni za ta yi tana sulɓewa. Wata ɗaya na ba ka, man zai tafasa, giyar ta ƙone da kai a ciki."

"To wacce za ka sa?"

"Mai dubu biyu da ɗari biyu, da ƙaramin lagireto na man giya a gaba. Za ta tashi da ƙarfi, kuma za ta kai ka gida."

"Ta tsofaffi ke nan."

"Kai ma ka kusa."

Da aka kawo wadda Injiniya ya zaɓa, baƙa wuluk ba ado, gida ya zo da ita, don rufin gareji yana yoyo, ruwa kuwa in ya shiga kwambata ta tashi aiki. Ya karɓi wani ƙyalle a hannunta mai koren fure ya ɗaure mata baki, ya ajiye ta bayan ƙofar ɗakin ɗinki, ya ce jibi zai ɗauka. Washegari da azahar ya yanke jiki ya faɗi a bakin ramin gareji.

Mai Ɗinki ta juya a hankali ta dubi bayan ƙofa. Tana nan inda ya ajiye ta, ƙura ta hau, ƙyallen yana ɗaure. Wata biyar tana tuntuɓe da ita, babban yatsanta har ya taɓa fashewa, ba ta iya kawar da ita ba saboda hannunsa ne ya ajiye. Ita duk zatonta aikin ya tsaya da tsayawar mai shi, don tun rasuwar ba ta bi ta layin gareji ba.

"In wadda ya zaɓa tana ɗakina, mece ce a cikin motar Dogo?" ta ce.

Ta miƙe daga kan keke ta dubi maƙwabciya.

"Mijinki ya fita da baronsa?"

"Yana nan a zaure. Me za ki yi da baro?"

"Tashi ki kama min."

Su biyu suka ciccibe ta da ƙyar, maƙwabciya tana nishi tana cewa wannan ai ta fi buhun siminti mugunta. Mai Ɗinki ta yafa mayafi, ta kama hannuwan baro ta tura waje. Tayar baron tana kuka, ƙarfen yana gungurawa gaba da baya yana bugun bangon baro kamar ganga. Ta wuce shagon mai aski, ta wuce famfo inda mata suke layi da bokitai, ta tsallaka kwata a kan katako biyu. Ana yi mata sannu, ana tambayarta ya haƙuri, ba ta amsa wa kowa. A mararraba wani mai babur ya danna mata hon, ta tsaya a tsakiyar titi ta dube shi, shi ne ya kauce.

Garejin yana nan yadda ta san shi, rufin kwano a kan ginshiƙan ƙarfe, ƙasa baƙa ƙirin da mai, sifanu a rataye jikin allo, kowanne da zanen wurinsa da hannun marigayi. Jar motar tana kan rami, baki a buɗe, wari yana tashi kamar an ƙona gashi. Dogo yana zaune a wata kujerar mota da aka cire aka jingina da bango, ya miƙe ƙafar mai ciwo, sandarsa a gefe, abokansa biyu suna tsaye a kansa. Auta yana cikin rami. Shi ne ƙanen Injiniya, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya huɗu, amma har yau Auta ake ce masa. Tun rasuwar shi ke riƙe da garejin.

Ta tura baron har tsakiya ta tuntsurar. Kwambatar ta faɗi tim, ta gungura ta je ta tsaya daidai ƙafar Dogo.

Auta ya leƙo daga rami. Da can in ya gan ta yakan ce ga matata ta zo duba ni, ita kuma ta ce Allah ya kiyaye ta da miji mai kunnen fanka. Yau sai ya ce, "Yaya? Lafiya?"

"Fito."

Dogo ya gyara zama. "Hajiya, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Ban je ba tukuna. Kada ka ba ni abin da ban yi ba, ya isa wanda ka ba mijina."

Abokan suka dubi juna. Mai faci da ke maƙwabtaka da garejin ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso. Wasu masu jiran motocinsu su ma suka taso.

"Ka san wannan?" Ta nuna ƙarfen da ƙafa.

"Ni ina zan sani? Ni ba makaniki ba ne."

"Ba makaniki ba ne kai, amma likita ne, tunda ka auna kan mijina ka ga ya taɓu. Wannan ita ce ya zaɓa maka. Ta tsofaffi. Ka tuna? A ƙofar gidana ka faɗa, ina jin ka. Wata biyar tana bayan ƙofata, ko ɗigon mai ba ta sha ba. To ka gaya min, mece ce ta ƙone a motarka?"

Dogo ya juya wajen Auta. "Kai ka ce min Injiniya ya canza shawara kafin ya kwanta. Ka ce ya ce a sa shuɗiyar."

Auta yana goge hannu da tsumma, yana ta gogewa, hannun da ba zai taɓa fita ba. "Yaya, zo mu yi magana a ciki."

"A nan aka ɓata shi, a nan za a yi."

"Don Allah, Yaya. Don girman Allah. Minti biyu."

Ta bi shi cikin ɗan ɗakin ajiya, inda tsofaffin giyoyi suke jere a ƙasa kamar tumaki a kwance. Bai ko rufe ƙofa ba idonta ya sauka a kan kantar ajiye kaya. Ga kwali mai hoton tuta, wayam. Kusa da shi ga wani siririn kwali ko buɗe shi ba a yi ba. Ta sa hannu ta yage bakinsa, sai ga ƙaramin lagireto sabo fil.

"Wannan ma ba ka sa ba."

"Babu wuri a gaban motar, sai an yanka ƙarfe, shi kuma yana ta matsa min..."

"Auta, ka san tana gidana?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Ka sani."

"Sau uku ina zuwa har bakin layinku. Wallahi sau uku. In na hango ƙofar sai ƙafata ta ƙi. Takalmansa suna nan a zaure, na gani ranar da muka dawo daga kai shi. Na kasa shiga in ce miki ba ni kayan Yaya. Shi kuma wannan kullum yana nan tun safe, motata, motata. Shuɗiyar tana kan kanta tana kallona. Na ce bari in sa, in ya so daga baya in canza."

"Sai ka ce yayanka ne ya ce."

"Da na ce ni ne, ba zai yarda ba. Kowa ya san ni ban kai Yaya ba. Sunansa kawai ake ji a yarda."

"Da ta ƙone fa? Da ya fara yawo yana cewa kan yayanka ya taɓu, kana ina? Kurma ka zama?"

Auta ya ɗago, idonsa ja. "Yaya, ki tsaya ki ji. Shi ya riga ya tafi, babu abin da maganar mutane za ta yi masa yanzu. Ni ne a nan. In na fita na ce ni na yi, gobe babu mota ko ɗaya a wurin nan. Daga garejin nan gidana yake ci, daga nan naki yake ci. Ki bar ni in canza a ɓoye, in gyara giyar, maganar za ta mutu da kanta."

Ta daɗe tana dubansa. Shi ne yaron da ta tarar a gidan da aka kawo ta, wanda ta yi wa ɗinkin wandon makaranta, wanda mijinta ya koya wa riƙon sifana yana bugun bayan hannunsa. Ta gyara mayafinta.

"Babu abin da za ta yi masa," ta ce. "Shekara ashirin da takwas yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, bai bar gida na biyu ba, bai bar gona ba. Abu ɗaya ya bari, in an ce Injiniya ne ya yi, ba a sake dubawa. Shi ne ka ɗauka ka goge hannunka da shi kamar tsumman nan. 'Ya'yansa a garin nan za su yi aure, a ce 'ya'yan wanda ya haukace ne? Gidana ya ci daga kekena. Ba na son abincin da aka saya da sunansa."

"Yaya..."

"Ko ka fita ka faɗa, ko in fita in faɗa. In ni na faɗa, ba ka da yaya a duniya."

Ta fito ta bar shi. Mutane sun ƙaru, har mai sayar da ruwa ya ajiye kurarsa. Ta tsaya kusa da baronta ta harɗe hannuwa.

"A sauke giyar nan kowa ya gani," ta ce.

Babu wanda ya motsa, sai mai faci ya cire hula ya shiga rami. Can Auta ya fito daga ɗakin ajiya, bai dubi kowa ba, ya ɗauki sifana ya bi shi. Kusan awa guda suna kwance notuna, rana ta take, kwano yana ƙara. Aka kawo mata kujera ta ƙi zama. Dogo ya ce zai je ya dawo, ta ce ko nan da can. Da suka zame giyabos ɗin a kan jak, man da ya zubo baƙi ne kamar kwalta, ba ja ba. Auta ya zaro kwambatar ya ɗora a bakin rami. Shuɗin fentin ya ƙone ya koma ruwan toka, ya kumbura yana ɓarewa, sai a gefe ɗaya ne ake ganin asalin launinsa.

Auta ya hauro. Ya tsaya tsakanin ƙarfen biyu, ƙonanniya da baƙar mai ƙyalle a baki, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba a ji ba," in ji Mai Ɗinki.

"Na ce ni na sa."

"Mai ruwa yana can baya, bai ji ba."

Auta ya ɗaga murya har ta fashe. "Ni na sa! Yaya bai taɓa cewa a sa shuɗiyar ba, hanawa ya yi. Wannan baƙar ya zaɓa, da lagireto, ni ne ban sa ba. Ƙarya na yi masa. Lafiyarsa ƙalau har ya bar duniya."

Sai Dogo ya yunƙura da sandarsa. "Kun ji ko? Kun ji macuci? Ka kusa kashe min 'ya'ya, ka sa na zagi bawan Allah yana kabarinsa..."

"Rufe min baki," in ji Mai Ɗinki. "Shi ya sa ka? Bakinka a aljihunsa yake? Kai da kunnenka mijina ya ce maka wata ɗaya man zai tafasa. Kwana nawa ta yi?"

Dogo ya kawar da kai.

"Ina tambayarka."

"Sati biyar," in ji ɗaya daga cikin abokan, Dogo ya harare shi.

"To ya yi kuskuren sati ɗaya, a yafe masa. Da Auta ya ce maka ya canza shawara, ka san Injiniya yana canza shawara a kan giya? Ka san ƙarya ce, daɗinta ka ji. Kana ta zaga gari kana ƙona taya a gaban shagon mai aski, babba da kai, da furfura a gemu. Da ta ƙone kuma kunya ta hana ka cewa abin da na nace a kansa ne, sai ka nemi wanda ba zai iya amsa maka ba."

"Hajiya... Maman yara, a yi haƙuri. Ɓacin rai ne. Na janye."

"A nan ka faɗa da za ka janye a nan? Tashi."

"Ina za mu?"

"Duk inda ka kai ta, can za ka je ka ɗauko ta."

"Da wannan ƙafar?"

"Da ita ka kai."

Wani ya yi dariya ya maida ita tari. Abokan suka ce za su kai shi a mota, ta ce ba ta shiga motar kowa, kuma sai ta ji da kunnenta. Haka suka fita, Dogo a gaba yana ɗingishi da sanda, ita a baya taku uku, rana a tsakiyar ka. Mai faci ya riga ya ji, amma ta ce a tsaya a rumfarsa a sake faɗa, don akwai direbobi biyu a zaune da ba su je gareji ba. A wajen wankin mota Dogo ya fara da cewa an samu 'yar rashin fahimta, ta ce ba haka ya faɗa ba ranar, ya faɗi kalmar da ya faɗa sannan ya ce ƙarya ce. Ya faɗa. A shagon masu sayar da kayan mota, mai shagon ya ce shi dama bai yarda ba tun farko.

"Ba ka yarda ba, amma ka yi shiru," in ji ta. "Kujerar da kake zaune a kai mijina ne ya yi maka waldarta kyauta."

Mai shagon ya tashi daga kujerar.

Mai walda ne na ƙarshe, can ƙarshen layi. Tsoho ne, ƙarar guduma ta cinye masa kunne. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube su.

"Na zo in ce maganar da na faɗa a kan Injiniya ba gaskiya ba ce," in ji Dogo, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Wa?"

"Injiniya!"

"Ai ya rasu."

"Na sani! Na ce kansa bai taɓu ba! Ni na yi masa ƙarya!"

"Ƙarfe?"

"Ƙarya! Ƙarya na yi!" Har masu wucewa a ɗaya gefen titi suka tsaya.

Tsohon ya gyaɗa kai. "To ai na sani. Wanda kansa ya taɓu shi ne mai sa injin jirgi a motar kai yara makaranta." Ya sauke gilashinsa ya koma kan aikinsa.

Dogo ya zube a kan wata tsohuwar taya yana haki. "Shi ke nan? Na gama?"

Ta juya ta koma gareji ɗaukar baron mutane. Kafin ta isa ta ga ana tura wata farar mota waje, mai ita yana riƙe da sitiyari ta taga, a bayanta kuma wani yana ɗaure wa tasa igiya. Cikin motoci biyar da ta tarar da safe, saura uku, ɗaya ma ta Dogo ce. Auta yana zaune a bakin rami, ƙafafu a ciki, yana kallon su suna tafiya.

Ta ɗaga baron ta daidaita shi. Auta bai juyo ba ya ce, "Kin ga abin da na gaya miki."

"Na gani."

"Hankalinki ya kwanta?"

"A'a."

Ta yi taku biyu ta tsaya. "Kafin ka sa baƙar, ka zuba mata mai tukuna, kada ka sa ta a bushe. Kuma ka yanka ƙarfen ka sa lagireton. Da yaran mutane a motar."

"Na sani, Yaya."

"Da ma ka sani," ta ce, ta tura baronta ta fita titi.